Wanda Ya Tuƙa Motata Ranar Laraba

Ranar Alhamis da hantsi na tada mota, na taka birki, na jawo giya zuwa baya, sai na ji "gwaram!" daga ƙarƙashina, har kujera ta zabura. Na mai da ita gaba, "gwaram!" kuma. Na ce innalillahi, wa ya taɓa mini mota? Shekara huɗu ina tuƙa a-kori-kurar nan ta Alhaji Shekara, ko tarin da take yi da safe na san shi, amma wannan ƙara ban taɓa jin ta ba.

Ban kai ga sauka ba sai ga jama'a sun nufo ni, mai unguwa a gaba, Alhaji a bayansa, ga Ummu Salma matar marigayi Ɗanjuma, idonta ya kumbura don kuka. Santa aka sace, jan bajimi ɗaya tilo da take huɗa da shi ita da marayunta, ga shi ruwan shuka ya sauka. Ranar Laraba aka yi, lokacin da unguwa kaf ta tafi jana'iza garin Kance. A bayan gidanta kuma, jikin juji, aka ga sawun taya, kuma ba wanda bai san tayar motata ba.

Sunana Idrisa. Ƙafata ta hagu shan inna ya tafi da ita tun ina shekara uku, jan ta nake yi. Saboda ni Alhaji ya sayo motar nan otomatik, mai feda biyu, totur da birki, ba kuloci. Duk unguwarmu a Matameye ba mai tuƙa ta sai ni, kuma duniya kaf ba motar da zan iya ci da iyalina da ita sai irinta.

"Idi, jiya kana ina?" in ji mai unguwa.

"Ina ɗaki, zazzaɓi ya kwantar da ni."

"Wa ya gan ka bayan azahar?"

Ba kowa. Matata tana gidansu wankan jego. Na ce musu su saurari motar, wani ya tuƙa ta ya yi mata illa, na sa giya suka ji ƙarar da kunnensu. Wani daga baya ya ce, "To ai dole ta yi kuka, an ɗora mata bajimi." Aka yi dariya. Ni kuwa zuciya gare ni, ban ɓoye ba. Na zage shi tas, na haɗa da kakansa, abin da ya ƙara ɓata mini lamari ke nan.

Alhaji hannu kawai ya miƙo. Na zare makulli na sa masa. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Aka tura motar cikin garejinsa aka rufe. Mai unguwa ya ce zai aika Dawce a kira Ɗan'azumi mai bin sawu, in la'asar ɗin Asabar ta yi ba a gano wani ba, jandarma za a miƙa ni.

*

Da yamma Ɗan'azumi ya iso, a ƙafa. Ɗan tsoho ne siriri, da sanda da goro a kumatu. In yana gaisawa da mutum ƙafarsa yake kallo. Na ce a raina, wannan ne zai fitar da ni? Allah ya yafe mini wannan raini.

Ya daɗe a jikin jujin. Ya ce an jingina bayan motar da tudun jujin ne, san ya hau da kansa, bai yi gardama ba. Ummu Salma ta ce ai shi in ya ga kwanon dusa ko wa zai bi. Sawun mutum kuwa babu, an share shi da kaba tun daga turke har ƙofar mota. Nan da nan aka fara ƙus-ƙus: wa ke da sawun da sai an share, in ba mai jan ƙafa ba?

Tsohon bai kula su ba. Ya ce in kai shi ɗakina.

"Ina kake ajiye makulli, direba?"

Na nuna masa ƙusa a bakin ƙofa.

"Wa da wa suka shigo duba ka da safen Laraba?"

"Mutum uku, Baba. Lawali bakanike ya kawo mini magani. Hashimu mahauci ya zo neman in ɗauko masa shanu, ya tarar ba ni da lafiya. Sai maigidana Sa'adu, ya kawo mini fura. Amma shi cire shi."

"Don me?"

"Shi ya koya mini tuƙi. Lokacin da kowa ke cewa gurgu sai bara, shi ya ɗauke ni yaron mota, ya tsaya mini na sami permi, wato lasin tuƙi, ya kai ni gun Alhaji da hannunsa. Kuma ƙanen mijin Ummu Salma ne, san 'ya'yan yayansa zai sata?"

"To," in ji shi, ya tofar da goro.

*

Ranar Juma'a da sassafe muka ɗauki sawun. Shi a ƙasa, ni a kan amalanken jaki. Ruwan da aka yi ranar Talata ya taimake mu, rairayin da danshi, taya ta zauna raɗau. Ɓarawon bai bi kwalta ba, ta cikin gonaki ya nufi wajen Ɗan Barto.

Ba mu yi nisa da jujin ba tsohon ya tsuguna.

"Direba, ni ban san mota ba, raƙumi da saniya na sani. Wannan dabbar taka, ta saba durƙusawa?"

"Durƙuso kamar yaya, Baba?"

Ya nuna mini. Tayoyin gaba sun nutse sun turo ƙasa, kamar an ja linzami da ƙarfi. Ba rami, ba kututture, ba sawun akuyar da ta gitta. Muka ci gaba. Inda duk motar ta rage gudu a kwana ta fara miƙewa, taku talatin ko arba'in sai ga durƙuson nan. Sau biyar muka ƙirga. Daga na biyar bai sake ba.

Can gaba, a wani kwari mai yashi, motar ta kafe. Wurin ya yi kaca-kaca, taya ta haƙa gaba ta haƙa baya. Ina gani na gane: mutumin ya yi ta fizgar giya gaba da baya, ƙafarsa a kan totur, har ta fita. Haka ake yi wa mota mai kuloci in ta kafe. Tawa ba ta son haka ko kaɗan.

Ina faɗin kuloci a raina sai abin ya faɗo mini. Na buga cinya har jakin ya razana.

"Baba, na gane durƙuson! Wanda ya saba da mota mai feda uku, in ya yi ɗan gudu ƙafarsa ta hagu da kanta take zuwa neman kuloci don ya canza giya. A tawa ba kuloci, sai ta faɗa kan birki. Ni kuwa ƙafar hagun ma ina na gan ta? Mu koma, Baba, mu gaya musu!"

"Zauna," in ji shi. "Sai su ce kai ka ba abokin satarka makulli, ka kwanta ka ja bargo. Wanda ya yi muke so, da bakinsa. Kuma maganar ƙafar nan, in na ji ta a gari, na ɗau sandata na tafi gida."

Ni da bakina ba ya riƙe magana, ranar na riƙe. Sawun ya hau kwalta ya ɓace mana, muka juyo.

*

Bayan an sauko Juma'a Alhaji ya buɗe mana gareji, aka kira Lawali. Ni shi na fi zargi, don shi kaɗai ya san cikin motar nan, kuma an ce ranar Laraba bai je jana'iza ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya kama kardan, dogon ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, ya girgiza. Muka ji ƙwal-ƙwal.

"Gaɓar ta tafi," in ji shi daga ƙasa. "Shi ya sa in an sa giya sai ta yi wasa kafin ta kama, ta buga. Sabon karaya ne, ƙarfen ma fari. Wanda ya yi wannan jaki ne."

"Ko kuma wanda ke son a kawo masa gyara," na ce.

Ya fito da sifana a hannu, sai da Alhaji ya shiga tsakani. Da aka lafa, Baba Ɗan'azumi ya ja shi gefe, ina ji ya tambaye shi yadda mutum kan yi ranar farko da ya hau irin motar nan. Lawali ya ɗaga leɓensa na sama ya nuna wani haƙori da ya gutsure.

"Ga shi, Baba. A Damagaram, ina koyon aiki, ƙafar hagu ta faɗa kan birki, bakina ya bugi sitiyari. Ba wanda ba ya yi, sai ya sha wuya sau uku huɗu kafin ƙafar ta yi hankali."

Daga nan muka nufi mahauta, don an kawo mana labarin an ga jar fata ɗanya a bayan rumfar Hashimu. Murna ta kama ni, Allah ya gani. Ga shi yana da tsohuwar mota mai kuloci, ga shi ya san yadda ake hawar da sa. Aka kira Ummu Salma, aka baje fatar. Ta duba ta girgiza kai. Nata yana da fari a ƙirji, wannan ja ce wur. Hashimu ya bi mu har bakin hanya yana rantsuwa, wuƙa a hannu, yana cewa shekara ashirin yana yanka ba a taɓa ce masa ɓarawo ba. Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Saura kwana ɗaya.

*

Asabar da safe tsohon ya ce mu je tasha gun Sa'adu. Na ce ni ba za ni ba, da wane ido zan dube shi? Ya ce da wanda nake da shi.

Maigida ya dawo ke nan daga Damagaram, tun asubar Alhamis ya tafi da fasinja. Yana ganina ya rungume ni, ya sa aka kawo mana shayi da burodi. Ya ce a hanya ya ji labari, ransa ya ɓaci, ya ce Idi ɗansa ne, ko allura ba zai ɗauka ba. Na ji hawaye ya zo mini.

"Malam Sa'adu, ka san motar tasa?" in ji Baba.

Ya yi dariya. "Mai feda biyun? Shekara talatin ina kan hanya, Baba, ban taɓa zama a kujerar irinta ba. Ni in hannuna bai ji giya ba ai ban yi tuƙi ba. Tun da aka sayo ta Idi yake roƙona in ɗana, na ƙi."

Gaskiya ne, na sha roƙonsa. Baba ya shanye shayinsa, ya ce in ba damuwa ya zo ƙofar gidan Alhaji da la'asar, don a cika sharaɗi kawai. Maigida ya ce ko ba a kira shi ba zai zo.

*

Kafin la'asar fili ya cika, har mata a bakin zaure. Baba ya sa aka share ƙasa daga ƙofar gareji zuwa gindin dalbejiya, aka turo motar. Ya ce mutum ukun da suka shiga ɗakina, kowa ya ja ta baya ya juya, ya kai ta dalbejiya ya dawo. Ni in zauna a gefe in nuna musu giya. Ya sa aka kai su ukun can bayan unguwa, inda ba sa gani ba sa ji, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya gane abin da yake nufi, har wani ya ce tsufa ya kama shi.

Lawali ya fara. Ya kai ya dawo sumul, yana tsaki saboda ƙarar.

Hashimu ya shiga yana huci. Sai da na nuna masa ya taka birki, ya danna maɓallin da ke jikin sandar giya kafin ta motsa. Yana ja, "gwaram!" Ya saki sitiyari ya ce, "Na shiga uku, na fasa motar Alhaji!" Da ƙyar ya juya. Yana ɗan yin gudu kuwa ƙafar hagu ta tashi ta dira kan birki, goshina ya bugi gilashi. Jama'a suka kwashe da dariya. Ni ina riƙe da goshi ina cewa alhamdu lillahi a zuci, ga durƙuson nan a ƙasa, irinsa sak. Na dubi Baba, na ga ko gezau. Ya ce a kira na uku ya shiga.

Maigida ya zauna, ya yi bisimilla, ya gyara madubi. Na buɗe baki zan nuna masa maɓalli, sai na ga babban yatsansa yana kai. Na dubi ƙasa. Ya naɗe ƙafarsa ta hagu ya cusa ta can ƙarƙashin kujera. Na ce a raina, to, tsohon direba ne, wataƙila ya ji ana faɗa. Sannan, kafin ya jawo giya baya, ya ɗage kafaɗu ya runtse ido ɗaya, irin na wanda ke jiran a yi masa allura.

"Gwaram!"

Bai tambaye ni mene ne wannan ba, shi da in ƙusa ɗaya ta kwance a mota sai ya tsaya ya nemo ta. Ya kai dalbejiya ya dawo, ko tangarɗa babu. Ni kuwa na rasa yadda zan buɗe ƙofa.

Baba Ɗan'azumi ya bi sawu ukun a hankali, sannan ya tsaya a tsakiyar fili ya bayyana wa jama'a durƙuso biyar da muka gani a hanyar Ɗan Barto, da dalilinsa. Nan take aka yi ca a kan Hashimu. Ya ɗaga sanda.

"Ku bar mahauci. Yau ya fara hawa, ƙasa ta nuna. Ɓarawon ya yi nasa tuntuɓen tun ranar Laraba, sau biyar, daga nan ƙafarsa ta yi hankali. Bakanike ya daɗe da wuce wannan, da shi ne da ba mu ga durƙuso ba. Saura wanda ya ce mini da safe bai taɓa zama a kujerar ba, ga sawunsa kamar an ja zare." Ya juyo gare ni. "Direba, ni iyakata ƙasa. Kai da ke ciki, me ka gani?"

Haba, Baba, da ka bar ni. Na dubi maigidana, mutumin da ya taɓa goya ni a bayansa ya tsallakar da ni korama. Na dubi Alhaji, makullina yana jiran hannunsa. Na tuna jaririyata da ko suna ba a daɗe da yi ba. Na ce:

"Ya san ƙarar tana zuwa. Kafin ta zo ya shirya mata. Kuma tun ranar Alhamis motar a rufe take, shi yana Damagaram."

Maigida ya cire hularsa ya riƙe.

"San yana nan da ransa," in ji shi. "Yana garkar wani abokina gaba da Ɗan Barto. Ni na saye shi yana maraƙi na ba yayana kiwo, da ya rasu aka sa shi cikin gado, na yi magana ba wanda ya saurare ni. Makullin ni na ɗauka, ni na mayar, yaron nan yana barci bai sani ba. Na zaci ba za a kula da sawun taya ba. Da na ji an kama sunansa," ya dube ni, "sai bakina ya yi nauyi."

Ummu Salma ta fasa kuka, rabi na murna rabi na baƙin ciki. Mai unguwa ya ce maganar gado ta malamai ce, za a zauna, amma sa ya kwana a turkensa yau.

Alhaji ya tako har inda nake, ya kama hannuna ya sa mini makulli, ya ce, "Idi, ka yafe mini," a gaban kowa. Na so in ja aji ko na minti ɗaya, wallahi na kasa, sai kuka kamar yaro. Na ja ƙafata na je na durƙusa gaban Baba Ɗan'azumi. Na gode masa, na sake gode masa, har yau kuma ban gama ba. Mutumin nan bai san ni ba, bai ci ko sisina ba, ya yi kwana uku yana tafiya a ƙasa saboda sunana. Ya ɗaga ni ya ce in daina ɓata masa sawu da gwiwa, rana na faɗuwa, in je in ɗauko sa.

Lawali ya ce motar za ta kai in na lallaɓa ta, gobe ya canza gaɓar. Wanda zai nuna hanya kuwa mutum ɗaya ne. Haka muka fita, ni a sitiyari, Maigida a gefena, mutum biyu na mai unguwa a baya. Yana kallon taga, ni ina kallon hanya, zuciyata tana tafasa tana hucewa.

Gaba da Ɗan Barto muka iso bakin wata korama da ban taɓa tsallakewa ba, ruwa ya kwanta, ban san inda ƙasa ke da ƙarfi ba. Na rage gudu ina dubawa.

"Bi ta dama, jikin kabar can, kada ka ɗaga ƙafa," in ji shi, da muryar nan tasa ta da. Sai ya tuna, ya sunkuyar da kai.

Na daɗe ƙafata a kan birki.

"Faɗa mini, Maigida," na ce. "Ina ji."

Ya share fuska da hula, ya miƙa hannu ya nuna. Na bi ta dama, jikin kabar, ban ɗaga ƙafa ba, muka haye.